Idan Sabuwar Mota Ta Iso da Sitiyari a Dama

 

Shugaban taro, wakilan iyayenmu sarakunan Nguru da Bade, malamanmu, shugabannin direbobi da na makanikai, dillalan mota, 'yan kasuwa, iyayenmu mata.

An ce in yi magana a kan mutumin da ya biya kuɗin sabuwar mota, ya yi wata da watanni yana jira, ranar da aka sauke ta ya buɗe ƙofar direba sai ya tarar da kujerar fasinja, sitiyari yana can dama. Na ga wasu sun murmusa. Amma wanda ya tattara ribar riɗi ko ta ƙaro ta shekara biyu ya zuba a motar nan, ba dariya ce a gabansa ba.

Kowa zai ce, yaya za a yi irin wannan kuskure a abu mai tsada haka? Ba shi da wuyar faruwa. Kusan kashi 1 cikin 3 na mutanen duniya hagu suke bi a titi, motocinsu kuwa sitiyari a dama, kuma cikinsu har da ƙasashen da ke ƙera motocin da muka fi so a nan. Japan hagu take bi. Tailan da Afirka ta Kudu, inda Toyota ke haɗa Hilux, hagu suke bi. Indiya haka, Ingila haka. Masana'anta ɗaya ce ke fitar da iri biyun, fenti ɗaya, inji ɗaya. In sun isa filayen dillalai a Dubai da Sharja a jere ake ajiye su, domin ɗan Kenya da ɗan Tanzaniya da ɗan Yuganda mai sitiyarin dama suke nema, mu da 'yan Nijar da 'yan Chadi kuwa mai na hagu.

Sai ku dubi yadda muke sayen. Alhaji yana Gashuwa, ya tura kuɗi ga dillalinsa a Kano. Na Kano yana da yaro a Dubai, yaron yana da mai fito a Legas. Hannu huɗu ke nan, kuma duk cinikin a waya aka yi shi, da saƙon murya da hotuna uku. An yi maganar launi, an yi maganar shekarar ƙira, an yi maganar ko mai shan gas ce ko fetur. Sitiyari ba wanda ya ambata, saboda kowa ya ɗauka kowa ya sani. Cinikin biri a sama ke nan. Hoton ma ba abin dogara ba ne, don kyamarar gaba ta waya takan juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu. In aka turo maka hoton cikin mota, nemi wani rubutu a ciki, ko na dashbod ko na takardar da ke manne a gilashi. In rubutun ya karantu daidai, to hoton bai juya ba.

Akwai abin da ya fi hoto. A motocin Toyota da ake fitarwa waje, akwai ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin bonet, inda aka buga samfurin motar. Za ka ga misali HZJ79L ko HZJ79R a Land Cruiser, GUN125L ko GUN125R a Hilux. Harafin L sitiyarin hagu ne, R na dama. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka sa a turo maka hoton farantin nan tare da lambar shasi, a rubuta su a takardar ciniki, a ƙara layi guda cewa sitiyari a hagu yake tun daga masana'anta. Wannan "tun daga masana'anta" ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Dattawan da ke zaune a gaba sun san ba kullum muke bin dama ba. Tun da dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin nan ya zama inda gyaɗa da fata da ƙirgi da ƙaro da busasshen nama ke haɗuwa, daga Gashuwa da Gaidam har da ƙetaren iyaka. Bedford da Austin da Land Rover da suka yi wannan jigila duk sitiyarinsu a dama yake, hannun Ingila muke bi. Wanda ya tsallaka zuwa Gure ko Damagaram sai ya canja hannu, don Faransa dama ta koya musu. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta koma dama. Lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, Musa Usman yana gwamna a Maiduguri. Saliyo ta riga mu a 1971, Gana ta biyo baya a 1974. Ba a cika shekara da canjin hannu ba aka zo da naira a Janairun 1973, kuma daga 1975 Fijo ta fara fitowa daga Kaduna da sitiyarin hagu. Tsofaffin motocin suka ci gaba da yawo har suka mutu a gareji ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin canjin shi ne maƙwabta. Nijar, Chadi, Kamaru, Binin, duk dama suke bi. Wannan yana da ma'ana ga mai motarmu ta yau: ba shi da wata kasuwa kusa da zai tura ta ya huta. Duk inda ya juya, daga nan har bakin teku, baƙuwa ce.

Wani zai ce, ai sabo ne, kwana uku hannu zai faɗa. Hannu zai faɗa, gaskiya ne. Ido ne ba zai faɗa ba. Ku ɗauka kun baro Nguru za ku Gashuwa, kun wuce Jajimaji, kun cim ma tirelar shanu tana tafiyar hawainiya. Titin nan layi biyu ne, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Mai sitiyarin hagu ɗan karkatawa kaɗan zai yi ya leƙa, ya ga ko akwai mai tahowa, in akwai ya koma. Mai sitiyarin dama yana can gefen daji. Kafin idonsa ya wuce bayan tirelar, sai ya fitar da kusan duk faɗin motarsa, wajen mita 2, zuwa hannun masu tahowa. Abin da ake yi shi ne a mai da na kujerar hagu ɗan leƙe, ya riƙa cewa "wuce" ko "dakata". Wato ran mutum 5 ya rataya a kan ƙiyasin wanda watakila bai taɓa riƙe sitiyari ba, kuma in aka yi gaba da gaba shi ne na farko. Ku ƙara hazon hunturu a kan wannan, ku ƙara babur ba fitila.

Fitila ma tana da hannu. Fitilar dim ba a miƙe take haskawa ba. An ƙera ta ta ɗaga ta gefen daji don direba ya ga mai tafiya a ƙasa da dabba, ta sunkuya ta gefen masu tahowa. Motar da aka yi wa titin Japan hagu take ɗagawa, wato cikin idon wanda ke fuskantarka a nan, gefen da jaki ko amalanke yake kuwa ta bar shi a duhu. Bas kuma ta fi muni. Yawancin ƙananan bas na kasuwar Japan ƙofar fasinjarsu a hagu take. A titinmu, tsohuwa da jikarta tsakiyar kwalta za su sauka.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. Suwidin ta daɗe tana bin hagu alhali mafi yawan motocinta sitiyarin hagu ne, ana ta karo a ƙananan hanyoyi wajen wuce mota. An yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 1955, kashi 83 cikin 100 suka ce a bar su yadda suke, amma majalisa ta ga ba zai yiwu ba, suka koma dama ranar 3 ga Satumba 1967. Bama ta yi akasin haka: ta koma dama a 1970, ta ci gaba da sayen tsofaffin motocin Japan, aka shafe shekaru da dama fasinja na sauka a tsakiyar titin Yangon. A lardin British Columbia na Kanada, hukumar inshorar motoci ta bi diddigi ta gano masu sitiyarin dama sun fi takwarorinsu shiga haɗari da fiye da kashi 40 cikin 100, a ƙasar da titi ke da alama da fitilu. Saboda irin wannan ne dokokin hanya na tarayya suka hana yi wa mota mai sitiyarin dama rajista da hawa titi da ita, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha nanata haka.

Na san mutanen Yusufari da Machina za su ce, mu da muke ratsa rairayi, inda ba kwalta ba layi, ina ruwanmu da hannu? A cikin tudun yashi kam ba ruwanku. Sai dai motar dole ta fito shan mai, dole ta zo lodi ranar kasuwa.

To, mota ta iso. Me za a yi? A nan ne mutanenmu ke faɗuwa, kuma ba jahilci ke kayar da su ba, kunya ce. Maƙwabta sun taru, ana ta "Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya", yara sun hau baya, uwargida ta leƙo ta zaure. Dillali ya ja Alhaji gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba komai ba ne. Kwana biyu za a juya maka shi a Kano, ba wanda zai gane." Alhaji ba ya so a ce an cuce shi a bainar jama'a, sai ya karɓi makulli, ya cika ragowar kuɗi, ya zaga gari. Daga wannan zagayen ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Malamai suna nan, fagensu ne, amma abin da ke cikin Risala da Muhtasar na Shehu Halilu a kan wannan a fili yake. Ya halatta a sayi abin da ba ya nan bisa siffa, in ya zo yadda aka siffanta ciniki ya tabbata, in ya saɓa mai saye yana da zaɓi. Ko ba a ambaci sitiyari ba, abin da al'adar gari ta san shi daidai yake da sharaɗi, kuma ba mai sayen mota a Najeriya da nufin wadda doka ta hana shi hawa. Amma malaman Malikiyya sun ce zaɓin mayar da kaya saboda aibi yana faɗuwa in mai saye ya aikata abin da ke nuna ya yarda bayan ya ga aibin, kuma misalin da suka bayar shi ne hawan dabba. Sun yi rangwame ga matafiyin da ya rasa yadda zai yi sai ya hau. Sun ce wanda ya yi shiru kamar yini guda ba uzuri sai ya rantse shirunsa ba yarda ba ne. Sun ce in mai sayarwa ba ya gari, to ka kafa shaidu cewa ba ka yarda ba. Kun ji fa. An rubuta wannan a kan doki da raƙumi shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ga shi ya zauna daram a kan Hilux da dillalin da ke Dubai.

Saboda haka kada ka sa hannu a takardar karɓa, kada ka cika ragowa, kada ka tuƙa ta ko zuwa masallaci. Kira mutum biyu masu mutunci su gani, a ɗauki hoton sitiyari da farantin samfur da lambar shasi da abin da mita ta nuna. A ranar ka aika wa dillali rubutaccen saƙo cewa ba ka karɓa ba, ba saƙon murya kaɗai ba. Ka ajiye motar a inuwa a rufe. Dokar ƙasa ma tana bayanka: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa wa siffar da aka yi ciniki a kai. Ka fara da shugaban dillalai, don sulhu ya fi sauri kuma dillali yana tsoron zubewar sunansa fiye da sammaci. In ya ƙi, kotu tana nan. Shaidar turin kuɗi ta banki tana magana a gaban alƙali, kuɗin da aka miƙa a leda ba ya magana. Abu guda kuma: a Janairun 2017 an hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Wanda ya yarda aka biyo masa da ita ta bayan fage daga Kwatano don gudun kuɗin kwastan, ya san bakinsa ya yi nauyi ranar kai ƙara.

Yanzu mu zo kan maganar dillalin nan, "ba wanda zai gane". Ni a wurina wannan ta fi sitiyarin dama haɗari, domin mai sitiyarin dama kowa ya gan ta ya san abin da ke damunta, direbanta ma yana takatsantsan. Wadda aka juya a gaggauce kuwa ta ɓoye ciwonta a ƙarƙashin dashbod.

Juya sitiyari ba cire shi daga nan a dasa can ba ne. Sandar sitiyari tana ratsa bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da direba, ta sauka kan rak, rak ɗin ya tura tayirod, tayirod ya juya taya. Rak na motar dama bakinsa a dama yake, ba a kifa shi ya zama na hagu, sai dai a sayo na hagu. Birki da kuloci da totur duk a jikin bangon nan suke, kuma inda masana'anta ta ɗaura tukunyar birki ta ƙara wa wurin kauri, don duk ƙarfin ƙafarka nan yake sauka. Ɗaya gefen falle ɗaya ne. Mai aikin arha zai huda falle ɗayan, ya ɗaura tukunyar, ya ƙara tsawon bututun man birki, ya yanke sandar sitiyari ya yi mata ƙari da walda. Wani ma ba ya matsar da tukunyar, sai ya miƙa rodi daga feda ya ratsa zuwa dama. Rewaya zai yanka wayoyi ɗai-ɗai ya ƙara musu tsawo ya naɗe da salatif. Balan-balan ɗin kariya da ke cikin sitiyari da dashbod, sau da yawa cire su ake yi, a kashe 'yar fitilar da ke gargaɗi don kada ta tona asiri. A shafa fenti, a shimfiɗa kafet, mota ta fito fes.

A kwaltar Abuja irin wannan aiki zai iya jan lokaci. A nan ba haka ba. Zafin bazarar da ke wuce digiri 40, gargadar hanyoyin ƙauye, lodin buhu a kan buhu, su ne ke gwada walda. Ba ta karyewa ranar farko. Tsaga take yi siririya, tana ƙaruwa a kowane rami, har ranar da direba zai kauce wa saniya ya ji sitiyari yana juyawa a hannunsa taya ba ta amsa ba.

Ban ce ba a iya juyawa da kyau ba, kada makanikai su ce na ci musu fuska. Ana iyawa, in motar tana da 'yar'uwa mai sitiyarin hagu daga masana'anta, kamar Hilux ko Land Cruiser, aka sayo kayan 'yar'uwar gaba ɗaya: rak, sanda, fedoji da mazauninsu, dashbod, damin wayoyi sukutum, akwatin iska, waifa, fitilu, aka kuma ƙarfafa bangon yadda ya kamata. A nemi kayan a Ƙofar Ruwa ko Ladipo a yi lissafi. Sau da yawa za ka tarar rangwamen da dillali ya yi maka ya ƙare tun ba a biya kuɗin aiki ba. Ga motar zamani cike da na'urori, sitiyarin lantarki da kwamfutar birki, waɗanda ba sa son a taɓa musu waya. Garantin kamfani kuwa ya tafi daga ranar da aka sa mata wuta. Ka biya kuɗin sabuwa ka tashi da gyararriya. In har dole ta sa ka riƙe ta, to shari'a ta san biyan bambancin aibi: dillali ya ɗauki nauyin cikakken aikin, a rubuce, jami'in duba motoci ya gani kafin a nemi lamba. In ba haka ba, gara ta zauna a gona tana jan kaya, ko a sayar da inji da giya da aksil, don su ba su da dama ba su da hagu.

Gaskiyar magana, sabuwa dal mai sitiyarin dama jefi-jefi take zuwa mana. Juyayyiya kuwa kullum muna cikinta. Ƙananan motocin nan, Hijet da Suzuki, da ke kwasar kifi da shinkafa da mata 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka, don titin Japan aka ƙera su, da yawansu a yanke suke shigowa a matsayin kayan gyara, a nan ake haɗa su a juya. Manyan ma akwai waɗanda tun a Sharja ake juya su kafin su hau jirgi, shi ya sa na ce a rubuta "tun daga masana'anta". Gane su ba wuya. Shiga ka kunna sigina: in sandar tana dama da sitiyari, ka taɓa ta hagu waifa ta tashi, to motar Japan ce. Dubi waifa, in ta bar kusurwar gilashin da ke gaban direba ba ta share ba, ta share ta fasinja tas, an juya. Nemi abin buɗe bonet da na tankin mai, sau da yawa suna nan a dama inda aka baro su. Buɗe bonet ka ga ko tukunyar man birki tana gaban direba, ka duba ɗaya gefen ko akwai huda da aka toshe da faci. Lambar shasin motar kasuwar Japan gajera ce, ba ta kai harafi da lamba 17 da aka saba gani ba. Da dare kuma ka fuskanci bango ka kunna dim, ka ga ta ina hasken ya ɗaga.

Wanda ya riga ya mallaki irin wannan, ranar da zai sayar ya faɗa. Hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasan tsibi kowa ya san shi, kuma can ciki ne kawai zai ɓaci, nan kuwa rai ne.

Ina da roƙo ga shugabannin makanikai na Nguru da Gashuwa. Duk wanda ya juya mota a garejinku, ya ba mai ita takarda da sunansa da jerin abin da ya canja da abin da ya yi wa walda, takardar ta riƙa bin motar duk inda aka sayar da ita. Shugabannin tasha kuma, kun fi kowa sanin juyayyun da ke layinku. Kafin damina da bayan kaka, lokacin da lodi ke nauyi, a sa su hau rami, a cire kafet, a haska tocila a kan sandar sitiyari da mazaunin birki. Wadda aka ga tsaga a jikinta ta fita daga layi sai an gyara. Bas mai ƙofa a hagu kuwa, kada ɗan kamasho ya rubuta mata fasinja ko ɗaya.

Shugaban taro, na ga makanikai sun fara ɗaga hannu. A ba su dama.